Siliki Ba Ya Riƙe Kansa

Shekara shida gyalen ya yi a ƙasan akwati, a wani gida da ke birnin Bradford na Ingila. Na mahaifiyarta ne, ta taho da shi daga Zariya bayan sadakar arba'in. Siliki ne shara-shara, ja mai sirkin shunayya. Bakinsa ya fara zarewa, tsakiyarsa kuma ta yage wuri biyu. Ya wuce yafawa, zuciya kuma ba ta yarda a yar ba. Da aka sa ranar auren 'yarta, sai matar, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙudura cewa gyalen nan zai je gidan amarya.

Dabarar da ta dogara da ita a wani ajin ranar Asabar ta koye ta, wato cuɗa ulu. Wanda ya taɓa riƙe jar dara ya san yadda cuɗaɗɗen ulu yake. Kowane silin gashin tunkiya yana da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, ido ba ya ganinsa. In aka jiƙa gashin da ruwan sabulu aka yi ta murzawa, sai silin su sarƙe da juna, su zama tufa ba tare da saƙa ko ɗinki ba. A farkon shekarun 1990 Polly Stirling, a Ostireliya, ta fito da salon cuɗa ulu kaɗan a kan yadi mara kauri, har gashin ya ratsa ƙofofin saƙar ya riƙe ta. Ana kiran salon nuno, kalmar Japananci mai nufin yadi.

Abin da malamar ajin ta fi nanatawa shi ne siliki ba ya cuɗuwa. Silinsa sumul yake, ba shi da ɓawon da zai kama ɗan'uwansa. Ko kwana aka yi ana murza shi, yadda aka ajiye shi haka za a ɗauke shi. Ulu ne ke riƙe shi, kuma yayin da ulun ke tsukewa sai ya ja silikin ya tattare, ya yi gwanin kyau.

Matar tana son ƙawata bakin mayafin da silikin da ba a kaɗa ba, don haka ta shiga intanet. Nan ta tarar siliki iri-iri ne. Akwai fari tas mai sheƙi, na tsutsar da ake kiwo da ganyen malberi. Akwai tusa, na tsutsar daji ta Indiya da Sin, mai launin zuma, wanda ya tuna mata zaren tsamiya da masu ɗinkin hannu na Zariya ke yi wa babbar riga aiki da shi. Akwai mawata, gidan tsutsa da aka buɗe aka miƙe shi kamar hankici. Akwai kuma ragowar masaƙa, wanda bai cika tsada ba. Wannan na ƙarshe ba abin rainawa ba ne. Katafariyar masana'antar Samuel Lister, wadda aka sake ginawa a 1873 kuma take tsaye a Bradford har yau, da ragowar siliki ta yi arziki. Alharinin da ayari ke kawowa Kano daga Tarabulus, wanda Heinrich Barth ya gani a kasuwa a 1851, shi ma ba daga zaɓaɓɓen siliki aka yi shi ba.

Ta ga wani mai sayarwa da farashinsa bai kai rabin na saura ba, ta sayi giram 100. Kayan ya iso yana walƙiya. Allah ya sa ta tuna gwajin wuta. Ta tsinki kaɗan ta kai bakin kyandir, sai ya ci bal-bal, ya bar warin ƙonanniyar takarda. Siliki na gaske a hankali yake ci, warinsa na ƙonannen gashi ne, tokarsa baƙa ce mai murƙushewa a yatsa. Da ta koma ta karanta tallar da kyau, ashe an rubuta “silikin gora”, wato zaren biskos da ake yi daga ɓargon itace. Shi ma yana shiga aiki, amma yana rauni in ya jiƙe, kuma ba shi ta biya ba. Araha ba ta ado. Ta sake saye, tusa giram 50, daga wurin da ya fayyace irin tsutsar da ƙasar da ya fito.

Sannan ta juyo kan gyalen. Ta zare sili ɗaya ta ƙona, warin gashi ya tashi. Ta kara yadin a bakinta ta hura, ta ji iskar a tafin hannu. Inda numfashi ya wuce, ulu ma zai wuce.

“Umma, in ya lalace fa?” in ji 'yar, tana tsaye a ƙofar kicin.

“In ya zauna a akwati ma lalacewa zai yi,” in ji uwar.

Ta san dai tambayar tana kan hanya, domin abin da aka cuɗa ba ya warwaruwa. Saboda haka ta datse bakin da ya zare, ta raba shi biyu, ta yi gwaji da rabi. Gwajin farko ya koya mata abu biyu. Ta cika tusa a sama, sai ya zame ya bar ulun. Dole a yafa masa ulu ɗan siriri kamar yanar gizo-gizo. Kuma abin ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ranar Lahadi ta shimfiɗa gyalen a tebur, a kan ledar nan mai ƙurajen iska. Ta shafa mai a hannu tun da safe, don siliki yana maƙalewa a kaushi. Ta jera ulun merino sama-sama, ta ɗan ƙara kauri a inda ya yage. Ta yayyafa ruwan sabulu mai sanyi, domin ruwan zafi yana sa ulu ya kama kansa tun bai ratsa yadin ba. Ta naɗe, ta yi ta mirginawa sau ɗaruruwa har kafaɗunta suka yi tsami. Sai da ta juya ta ga gashi ya ɓullo ta baya, sannan ta kawo ruwan zafi, ta dunƙule ta yi ta bugawa a tebur. Daga ƙarshe ta ɗauraye da ruwa mai ɗan binega don sabulun ya fita.

Da ya bushe, gyale mai tsawon mita 2 ya dawo bai kai ɗaya da rabi ba. Jan ya tattare kamar tudun rairayi, tusa tana ƙyalli a gefe, inda ya yage kuwa sai wanda ya sani. 'Yar ta yafa a kafaɗa, ta kai gefen hancinta, ta yi shiru. Uwar ta gane. Ƙamshin turaren wutan Inna, wanda ya jure shekara shida a akwati, ya bi ruwan sabulu. Wannan ba ta sa shi a lissafi ba.

Sai ta tashi ta ɗauko ɗaya rabin ƙyallen, wanda ruwa bai taɓa ba. Ta ninke shi huɗu, ta sa a ƙaramar jaka, ta cusa a kusurwar akwatin amarya.