Eyam: Ƙauyen da Ya Kulle Kansa da Annoba

A tsakiyar Ingila, cikin tsaunukan gundumar Derbyshire, akwai wani ƙauye mai suna Eyam, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba. Gidajensa na dutse ne, mutanensa a da masu haƙar dalma ne da makiyayan tumaki. Abin da ya fito da sunansa kuwa masifa ce da ta auka masa shekaru fiye da 350 da suka wuce.

A shekarar 1665 annoba tana cin mutane a birnin Landan. Sai aka aiko wa telan ƙauyen da ƙunshin yadi daga can. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance ƙunshin ya ga yadin da danshi, ya shanya shi a bakin wuta, ashe ƙuma masu ɗauke da cutar suna maƙale a ciki. Ranar 7 ga Satumba aka binne shi. Daga nan mutuwa ta shiga bin gida gida.

Da bazarar 1666 ta kama, abin ya tsananta, jama'a suka fara ɗaure kaya za su gudu. Limamin cocin ƙauyen, William Mompesson, ya nemi goyon bayan wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, duk da saɓanin aƙida da ke tsakaninsu. Su biyun suka shawo kan mutane a kan kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo, don kada cutar ta kai Sheffield da sauran garuruwan kewaye. Mai karatu Musulmi zai tuna da umarnin Manzon Allah (SAW) da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana na ciki fita. Waɗannan mutane sun ɗauki irin wannan hukunci suna sane da cewa da yawansu ba za su kai labari ba, kuma a ganina nan ne jarumtar take.

Aka daina taruwa a coci, aka koma yin ibada a fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf. Kowane gida shi ke binne mamacinsa. Abinci kuwa sai maƙwabta su ajiye a bakin iyaka su juya, kuma basaraken Devonshire da ke Chatsworth ya taimaka da nasa. Har yau akwai dutsen iyakar nan, da ƙananan ramuka a kansa. A cikinsu ake zuba ruwan khal a jefa kuɗin cinikin, don sun yi imani tsamin yana kashe cutar.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne kaburburan Riley, a wata gona bayan gari, kewaye da gajeren bango. A watan Agustan 1666, wata mata Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, da hannunta. A watan nan ne kuma Catherine, matar Mompesson, ta rasu. Ta ƙi tafiya ta bar mijinta, ga kabarinta nan a harabar cocin St Lawrence, kusa da wani gicciyen dutse mai sassaƙa wanda ya haura shekara dubu.

Kafin cutar ta lafa a Nuwamban 1666, mutum 260 ko fiye sun mutu. A ƙofar gidajen da ta fara shiga an kafa alluna ɗauke da sunayen mamatan, akwai kuma gidan tarihi da aka buɗe a 1994. Duk ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, mutanen Eyam suna fita zuwa Cucklett Delf su yi addu'ar tunawa da su.