Sakin Jiki a Kan Gwiwa

An raine mu a kan cewa mace ba ta ɗaga murya in tana kan gwiwa. Ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana wannan doka. A tsakar gida muka tsince ta, wajen kitso da wajen tsintar shinkafa, inda ake yabon wance da ta haihu cikin dare, ko kishiyarta da ke ɗakin kusa ba ta ji motsi ba sai kukan jariri da asuba. A nan kuma ake ba da labarin wadda ta yi ta kiran sunan uwarta, yau shekara ashirin amma in an tashi tsokanarta da shi ake tsokana. Haihuwar fari ta fi tsanani: yarinya ta koma gida goyon ciki, naƙuda ta taso, kunya ta hana ta faɗa wa uwar da ta haife ta, sai ta kama ƙafar gado ta cije bakin zani. Sunan wannan dauriya, kuma mun girma muna sha'awarta.

Mu biyar ne benci ɗaya ya haɗa a layin awo. Uku masu cikin fari, ɗaya na biyu, babbarmu kuma na huɗu. Wanda ya san layin awo ya san ba a rasa mai labarin wadda ta kwana uku tana naƙuda, kuma kowa kunne take kasawa kamar ana raba gado. Babbarmu ta fi kowa tsoro, don ita ta san abin da ke gaba.

Ƙanwar mijin ɗayarmu da ke karatun aikin jinya a Ingila ce ta turo wata murya ta waya. Baturiya ce ke magana a hankali, kamar mai lallashin yaro ya yi barci, a bayanta ana kaɗa wani abu mai sanyi. Ta ce sunan tsarin HypnoBirthing, wato haihuwa ta hanyar hifnosis da mace ke yi wa kanta. Mu kuwa abin da muka sani game da hifnosis shi ne na fim ɗin Indiya, inda mugu ke lilo da sarƙa a gaban idon yarinya har ta bi shi kamar raƙumi da akala. Babbarmu ta ture wayar ta ce ita ba za a juya mata hankali da tsohon ciki ba. Wata ta ce anya ba sihiri ba ne?

Sai muka kai wa Gwaggo. Yayar mahaifin ƙaramarmu ce, ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya. Ta saurara har ƙarshe, muna fassara mata inda Turancin ya yi gudu, sannan ta yi dariya ta ce, "'Yan nan, ai sakin jiki ne aka ɗinka masa riga."

Haka ne kuwa. Duk wadda aka taɓa yi wa kitso ta lumshe ido, tana jin hirar da ake yi amma kamar daga nesa, har aka gama rabin kai ba ta sani ba, ta ɗanɗana wannan yanayi. Haka wanda ya shiga mota daga Kano zuwa Zariya, idonsa biyu, amma bai san lokacin da aka wuce Kwanar Ɗangora ba. Hankali ne ke taruwa wuri ɗaya ya bar sauran. Mace tana ji, tana gani, in ta ga dama ta miƙe. Abin da ake koyo kawai shi ne yadda za a shiga yanayin da gangan, a lokacin da jiki ke son yin akasin haka.

Tushen maganar ya girmi Baturiyar wayar. Wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya fitar da littafi a 1933 yana cewa tsoro na sa jiki ya ɗaure, ɗaurewa na ƙara zafi, zafi kuma ya koma ya ƙara tsoro, haka abin zai yi ta zagayawa. A 1951 wani likitan Faransa, Fernand Lamaze, ya je Tarayyar Sobiyet ya ga yadda ake koya wa masu ciki numfashi, ya kai dabarar Faris. Wata Ba'amurkiya, Marie Mongan, ita ta haɗa tsarin HypnoBirthing a 1989. Akwai abu ɗaya na Dick-Read da ya ba mu dariya mai ɗaci: ya ɗauka matan da bai kira wayayyu ba, irin na ƙauyukan Afirka, ba sa jin zafin haihuwa sosai. Da ya tambayi kakanninmu bayan an yi suna, da ya ji. Shiru ya gani ya zaci sauƙi ne.

Gwaggo ba ta san sunayen nan ba, amma ta san aikin. Ta ce mahaifa tsoka ce, aikinta ta matsa ta saki, ta matsa ta saki, har bakinta ya buɗe santimita 10. Abin da ke tuƙa wannan aiki wani sinadari ne da jiki ke fitarwa, oksitosin, shi ne dai ake sa wa mace a ruwan naƙuda in abu ya yi nawa. In tsoro ya shigo sai jiki ya zubo adirenalin, sinadarin gudu da faɗa, jini ya karkata zuwa hannu da ƙafa, naƙuda tana iya ja baya. Ta ce mu dubi akuya: in za ta haihu lungu take nema, in yara suka dame ta sai ta miƙe ta riƙe abinta. Sannan ta sa kowaccenmu ta dunƙule hannu da ƙarfi, ta ce wata ta gwada buɗe yatsun. Muka yi ta kokawa. Ta ce, "To haka kuke yi wa kanku in kun cije."

A nan muka fahimci abin da ya raba dauriyar da aka koya mana da sakin jiki. Wanda ya leƙo ta ƙofa ba zai bambance su ba, domin duka biyun shiru zai tarar. Amma mai dauriya ta haɗe haƙora, ta ɗauke numfashi, kafaɗunta sun kai kunne, duk ƙarfinta ya tafi wajen hana mutane su ji. Mai sakin jiki muƙamuƙinta a sake yake, hannunta a buɗe, kuma in nishi ya zo mata tana yinsa, mai kauri daga ƙasan ƙirji, ba ta damu da wa ke tsakar gida ba. Ta farkon tana yaƙi biyu a lokaci ɗaya, da ciwo da kunya.

Daga wata na bakwai muka fara haɗuwa a ɗakin Gwaggo duk Alhamis bayan la'asar, sauran ranaku kowa ta yi nata a gida bayan isha'i, kamar minti ashirin. A kwanta ta gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga takwas, don fitarwar mai tsawo ita ke kwantar da bugun zuciya. Sai a bi jiki gaɓa-gaɓa, daga goshi zuwa muƙamuƙi, wuya, kafaɗa, har yatsun ƙafa, ana ce wa kowace ta saki. Gwaggo takan aiki yaro ya sayo ƙanƙara, kowa ta riƙe guntu a tafin hannu na minti ɗaya, kusan tsawon zuwan naƙuda ɗaya ke nan. Karon farko mu riƙe muna yarfe hannu muna kallon agogo, karo na biyu muna numfashi ido a rufe. Ƙanƙarar ɗaya ce, amma minti na biyun ya fi gajarta. Kuma ta nuna mana lissafin da ba mu taɓa yi ba: in ciwo na zuwa duk bayan minti biyar ya yi minti ɗaya, to a cikin awa guda minti sha biyu ne na ciwo, sauran hutu ne. Tsoron na gaba ne ke cinye hutun.

Baturiyar takan ce a tuna igiyar ruwan teku tana zuwa tana komawa. A cikinmu ba wadda ta taɓa ganin teku. Sai muka sake maganar da kanmu, muka ɗauka a waya da muryar ƙaramarmu, wadda ta fi mu sanyin murya. Muka sa guga yana sauka cikin rijiya a hankali, igiya na bin tafin hannu, kowane numfashi gaba ɗaya, har ya taɓa ruwa mai sanyi. Ciwon kuma muka mai da shi hadari: ya haɗo daga gabas, ya yi duhu, ya zubar, gari ya washe. Babbarmu ta ce ita ba ta son guga ba ta son hadari, hailala za ta riƙa yi tana daidaita ta da numfashi, kuma ta fi mu saurin nutsuwa. Ita ce ma ta tuna mana cewa a Suratu Maryam, da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ta faɗi zafin da take ji a fili har ta yi fatan da ta mutu kafin ranar, kuma ba a tsawata mata ba, lallashinta aka yi, aka ce ta ci ta sha. Ɗakin ya yi tsit. Duk mun san surar, ba mu taɓa ajiye ta kusa da zanin da ake cijewa ba.

Masu sayar da darussan nan a intanet sukan yi alkawarin haihuwa babu zafi, kuma wannan cika baki ne. A wani gwaji da aka buga a Ingila a 2015, an raba mata 680 masu cikin fari gida biyu, aka koya wa rabi hifnosis. Waɗanda suka koya sun nemi allurar kashe zafi ta gadon baya kusan daidai da sauran. Bambancin da aka gani shi ne tsoro da fargabar da suka ji sun yi ƙasa da yadda suka zata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta amince da numfashi da sassauta jiki ga mai naƙuda da ke so, ta ce a bar ta ta yi tafiya, ta ci ta sha in ba ta cikin haɗari, kuma a bar wanda ta zaɓa ya zauna da ita. Wannan na ƙarshen har yau mafarki ne a yawancin ɗakunan haihuwarmu, inda gadaje ke jere ba labule, mai rakiya kuma tana bakin ƙofa da fulas.

Wurin da Gwaggo ta ɗaure fuska shi ne maganar gida. Ɗayarmu ta ce tunda ta iya numfashi, me zai kai ta asibiti a yi mata tsawa? Gwaggo ta ce, "'Yata, numfashi ba ya tsai da jini." Ta ce shirun da muke alfahari da shi ya kai mata da yawa kabari, kuma shirun mai nutsuwa ma zai iya, in aka mai da shi dalilin zama. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma a arewa maso yamma mafi yawan haihuwa a gida ake yinta. Ta ce mu je Babbar Ruga a Katsina mu ga 'yan mata masu yoyon fitsari, yawancinsu doguwar naƙuda ce, kan ɗa ya danne mafitsara kwana biyu suna daurewa. Ta sa muka haddace: jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, faya ta fashe ruwan ya fito kore, ɗa ya daina motsi, ko naƙuda mai ƙarfi ta wuce awa sha biyu. Kowanne aka gani, mota ake nema. Ta kuma sa kowa ta ajiye kuɗin mota da lambar mai Keke Napep biyu, ta nemi izinin fita daga maigida tun kafin ranar, ko yana gari ko ba ya nan.

Ƙaramarmu ce ta fara. Ta yi ta zagaya tsakar gida tana jingina da bango in ya taso, sai da ya koma duk minti biyar suka tafi. Malamar jinya ta dube ta ta ce wannan fuskar ba ta mai haihuwa yau ba ce, da aka duba aka tarar ta buɗe santimita 7. Ta biyu ta ce guga ya yi mata aiki har wajen asuba, daga nan igiya ta tsinke, ta yi ihun da aka ji a bakin get, kuma da muka je barka ita da kanta ta ba da labarin tana dariya, abin da uwarta ba za ta taɓa yi ba. Mai ciki na biyu ɗanta ya kwanta a gicciye, aiki aka yi mata. Ta ce da aka zaunar da ita aka ce ta lanƙwasa baya kada ta motsa za a yi allura, huɗu da takwas ɗin nan ne ya riƙe ta.

Wadda ta so zama a gida, saura mako biyu ta tashi da ciwon kai, tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a ido. Ta ce har ta kwanta ta fara numfashi, sai muryar Gwaggo ta faɗo mata. Mijinta yana Legas, amma izini na hannunta, ta kira mai Keke. Jininta ya hau sosai, aka kwantar da ita, aka yi mata allurar hana jijjiga, aka tayar da naƙuda a daren. Mace ta haifa, ƙarama, kilo biyu da ɗan kai.

Babbarmu ce ta ƙarshe, ta wuce lissafinta da kwana shida. Ta ce ciwon bai ragu da na ukun farko ba ko kaɗan, sai dai wannan karon tsakanin zuwa da zuwa har gyangyaɗi ta yi, kuma ba ta tashi da ciwon haƙora ba washegari. Ranar suna ta sa aka kai wa Gwaggo cinyar rago da ƙwaryar kunun kanwa. Gwaggo ta karɓi naman, ta mai da kunun, ta ce a faɗa mata mai hawan jini a danginsu ba ta shan kanwa, ta dawo awon bayan haihuwa ranar Talata.