Daga Wapa zuwa rumfar bayan layi

Maganar rufe gidan kallon nan na bayan layi ta sake tasowa a ƙofar mai unguwa ranar Juma'ar da ta wuce. Mu da furfura ta fara kama mu muka yi tsuru-tsuru, don kusan duk wanda ya ɗaga murya a wurin, mun taɓa haɗuwa da shi a layin yankar tikiti.

Da yawanmu a Kano muka tashi kafin neman abinci ya kawo mu Jalingo, wasu tun ana Gongola, kafin a yanke Taraba a 1991. Mun san Wapa da Plaza a Fagge, mun san El Dorado a Sabon Gari, da Orion, da Marhaba. Ba irin silimar yanzu ba ce mai na'urar sanyi da kujerar katifa. Katanga ce doguwa, ƙaton allo, sama a buɗe, shi ya sa sai duhu ya yi ake farawa. Idan hadari ya taso ana tsakiyar faɗa, kowa ya ɗora riga a ka, ba mai tashi. Mu masu ƙaramin kuɗi a gaba muke zama, dab da allo, har wuya ya ƙage.

Ba ma jin Indiyanci, amma wa ya damu? A kowane benci akwai wanda ya ga fim ɗin sau biyar, yana faɗa maka abin da zai faru tun ba ka tambaye shi ba. Har sunaye aka laƙaba wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor kuwa, bawan Allah, Mace ake ce masa.

Gardamar ma ta girme mu. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950, malamai sun yi ta suka, har zuwa silima ya zama abin da ɗan mutunci ke yi a ɓoye. Mun yi a ɓoyen, mun sha bulala, ga mu yau da carbi.

To, gidan kallon namu bai kai ko rabin Wapa ba. Langa-langa ne da benci takwas, talabijin biyu, janareta mai tari, da allon katako a ƙofa inda ake rubuta wasannin ranar da alli. Ranar da babu ƙwallo a sa fim ɗin Hausa ko na Indiya mai fassara. Ƙorafin da ake yi kuma gaskiya ne: ihu lokacin sallar isha'i, yara da kayan makaranta, hayaƙin sigari. Ba mu musa ko ɗaya ba.

Sai dai mu duba. A duk unguwar nan, ina ne kuma 'ya'yanmu ke zama benci ɗaya da samarin Mumuye da na Kona, a yi musu har jijiyar wuya ta tashi, a rabu ana tafawa? Mu da muke zaune a garin da aka karɓe mu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In aka rufe, kallon ba zai tsaya ba. Kowa zai shige ɗaki da wayarsa, inda babu babban da zai leƙa. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, 'yan fim da mutanen gari gudummawa suka yi ta nema don a farfaɗo da tsohuwar silimar Guimbi bayan ta daɗe a rufe.

Abin da muka roƙa kaɗan ne: a kashe janareta da magariba da isha'i, kada a bar yaro ya shiga lokacin makaranta, a hana shan taba a ciki. Mai unguwa ya ɗage zaman zuwa Juma'a mai zuwa, ya ce a zo da mai gidan kallon.

A hanyar komawa gida, Alhajin da ya fi kowa zafi a taron ya rage murya ya ce, "Malam, wane fim ne ma Sarkin Ƙarfi ya hau tankin ruwa yana cewa zai faɗo?" Mu uku muka amsa masa a tare: Sholay.