Injin da Ya Ƙi Tashi

Jirgin ruwan da iska ke turawa ma yana da ranar da yake bukatar inji. Sa'ad da iska ta kwanta, ko kuwa ana shiga tasha ta ƙunƙuntar mashiga mai duwatsu dama da hagu, babban zanen da ake ɗagawa ba ya da amfani. A wannan sa'a matuƙi yakan murɗa makulli, ransa da na abokan tafiyarsa suna rataye a kan ƙaramin injin da ke can cikin jirgin. In ya ƙi tashi, igiyar ruwa ce za ta zaɓa musu inda za su.

A Amurka da Kanada akwai wani tsohon inji da ya shahara a irin waɗannan jirage, sunansa Atomic 4. Kamfanin Universal na garin Oshkosh ya ƙera wajen 40,000 tsakanin 1949 da 1984. Silinda huɗu gare shi, ƙarfin doki 30, fetur yake sha ta kafireta, kamar janareton da ke bayan ɗakinka. A can, sanyin hunturu yakan sa a fitar da jirage daga ruwa, su yi watanni a ajiye. Idan aka mai da su, sai mai jirgi ya murɗa makulli, inji ya yi ta gurnani bai kama ba.

Kafin ya taɓa kome, mai hankali yakan sunkuya ya shinshina. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan sauka ya kwanta a gindin jirgi inda ba shi da mafita, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa ya tarwatsa jirgin. Shi ya sa ake kunna fankar da ke zuƙe shi har minti 4 kafin a tayar da inji.

Bayan haka sai tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya. In sitata ba ta juyawa da ƙarfi, a duba batir da kawunansa, gama iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe. In tana juyawa, abu uku kawai inji yake nema: wuta, mai, da matsi. A cire wayar fulogi a kusantar da ita jikin inji. In ba a ga tartsatsi mai shuɗi ba, laifin yana wajen kwayil ko kwantak da tsatsa ta rufe. In akwai wuta, a kwance fulogi a duba bakinsa. Busasshen fulogi yana cewa mai bai iso ba, jiƙaƙƙe kuwa yana cewa man ya yi yawa ko kuma gurɓatacce ne. Fetur ɗin da ya daɗe a kafireta yakan bushe ya bar danƙo, ya toshe 'yar ƙofar da ba ta fi bakin allura ba. Yawancin fetur ɗin Amurka kuma yana da kashi 10 cikin 100 na etanol, wanda ke jan laima, don haka akan tsiyaye man kafireta cikin kwalba, in da ruwa sai a gan shi kwance a ƙasa. A ƙarshe a toshe ramin fulogi da babban yatsa a juya inji. In matsi bai ture yatsan ba, galibi bawul ne ya maƙale saboda dogon zama.

Amma ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Wannan inji da ruwan teku yake sanyaya jikinsa. Famfo yana jawo ruwan, ya zagaya, ya zuba cikin salansa, hayaƙi kuma ya tura shi waje. Idan mutum ya yi ta murɗa makulli inji bai kama ba, famfon yana ta aikinsa, alhali babu hayaƙin da zai kori ruwan. Sai ruwa ya cika salansa, ya koma baya har cikin silinda. Mutumin da ya fara da toshewar da ɗan siririn waya zai buɗe, yanzu yana da inji cike da ruwan gishiri. Naciyarsa ce ta jawo masa. Waɗanda suka san injin sukan rufe bututun shigar ruwa tukuna, sai ya kama su buɗe nan da nan.

Na zauna da iyaye da yawa waɗanda ɗansu ya yi shiru, da mazan da matansu suka daina magana, da abokan da zumuncinsu ya yi sanyi bayan an bar shi shekaru ba a leƙa ba. Sau da yawa abin da suke yi ke nan: su murɗa makulli, su sake murɗawa da ƙarfi, su ɗaga murya, su maimaita umarni. Kowace murɗawa kuwa tana ƙara tara ruwa a inda bai kamata ba.

Ɗan'uwana, abin da ya ƙi motsi yana da dalili, dalilin kuma sau da yawa ƙarami ne, dogon sakaci ya haife shi. Hankali ke gani, ido gululu ne. Idan wani na kusa da kai ya ƙi tashi, ka ɗauke hannunka daga makulli. Ka zauna kusa da shi, ka yi tambaya ɗaya, ka jira amsarta kafin ka yi ta biyu.