Jirgi mai farfela a São José dos Campos

Bas na hau daga São Paulo zuwa São José dos Campos, tafiyar da ta fi Keffi zuwa Abuja nisa. Ban iya yaren Fotugis ba, sai nuni da hannu, har na wuce tashar da ya kamata in sauka. Wata dattijuwa ce ta riƙo hannun rigata ta nuna mini hanyar gidan tarihin jiragen sama.

A can na tsaya gaban Bandeirante, jirgin da 'yan Birazil suka ƙera da kansu, ya fara tashi a 1968, shekara guda kafin a kafa kamfanin ƙera jiragen sama na Embraer. Na daɗe ina kallon layin ƙusoshin jikinsa, sun jeru tsaf kamar ɗinkin hular zanna. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Wani tsohon bakanike da ya ji daga Najeriya nake, sai ya nuna mini hoton Super Tucano, jirgin yaƙin Embraer, a wayarsa, yana murmushi. Nan na rikice. Farfela a hanci! Irin wannan ne muka sayi goma sha biyu a hannun Amurka kan kusan dala miliyan 500? Da Turancinsa kaɗan ya warware mini: bai shan mai da yawa, yana sauka a filin da ba kwalta, kuma gyaransa bai da wuya. Kuɗin namu ma ya haɗa da kayan gyara, harsasai da horar da matuƙa da makanikai. Shidan farko sun iso a Yulin 2021, Kainji ne mazauninsu.

Sai jiragen yaƙin Jaguar suka faɗo mini a rai, guda 18 da muka saya daga Ingila a shekarun 1980. Sun fi wannan gudu nesa ba kusa ba, amma kuɗin kula da su ya gagara, suka ƙare a ajiye a Makurdi.

Duk ɗan acaɓa a unguwarmu ta Liman Abaji ya san wannan lissafin. Kafin ya biya kuɗin babur, sai ya tambayi bakanike ko akwai fistin da ringi a kasuwa. Mutanen Birazil haka suka ƙera jirginsu, da mai gyara a zuciya. Masu sayo wa sojojinmu makamai, don Allah ku riƙa zuwa ciniki da bakanike.