Cokalin da Ke Hannunki

Gummi, daren Laraba

Ɗiyata,

Babanku yana samun sauƙi, gyambon nan na babban yatsan ƙafarsa ya fara kamewa, jiya har masallaci ya taka da kansa.

Da a waya zan faɗa miki, to kin san halin layin wajenku, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban da ke zuwa Anka ya kawo miki.

Ranar da kuka zo dubiya ina zaune a bakin madafi kina dama wa ƙaramin naki koko. Da idona na ƙirga: cokali uku na sukari kika zuba a ɗan kofin nan nasa, kika ɗanɗana, kika ƙara rabi. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Amma da abin na kwana, domin ni na koya wa wannan hannun zubawa.

Lokacin da muke yara a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, sukari kayan baƙo ne. Inna tana ajiye kwalin St. Louis guda a cikin kwalla, sai babban baƙo ya sauka a fito da ƙwaya biyu. Zaƙin da muka sani shi ne rake idan lokacinsa ya yi, da ɓallin mazarƙwaila ranar kasuwa, da goruba da ɗinya da kanya da muke tsinta da kanmu. Da na fara karɓar albashin koyarwa sai na ɗaukar wa kaina alkawari cewa 'ya'yana ba za su yi kwaɗayin da na yi ba. Gwangwanin sukari bai taɓa yankewa a ɗakina ba. Kina kuka, alawa. Kin ci jarrabawa, lemon kwalba. Da zuciya ɗaya na yi, a ganina gata ne. Yanzu ina ganin ramin da ke haƙoran babban ɗanki, yaron da ko makarantar firamare bai gama ba, sai jikina ya yi sanyi.

Babanku kuwa kin san shi. Shekara kusan 30 kullum safiya yana teburin mai shayi, shayi mai kauri da madara da burodi, da rana a kai masa lemo mai sanyi shago. Abin ya fara da ƙishirwa, ya kwana yana sintiri tsakanin randa da bayan gida. Muka ce zafi ne. Ya fara ramewa, muka ce tunanin kasuwa ne. Sai da ƙaya ta soke shi, ciwon ya yi wata biyu bai rufe ba, sannan aka auna jininsa. Likitan ya yi mana bayani tsakani da Allah: ba sukari kaɗai ke kawo ciwon suga ba, akwai gado, akwai ƙiba, akwai yawan zama wuri ɗaya. Sai dai abin sha mai zaƙi yana rura wutar. Baffanku ma da ciwon suga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ke nan abin yana cikin jininku, ke da 'ya'yanki. Gado ba a hannunmu yake ba, amma cokali yana hannunmu.

Ga lissafin da aka yi mana a asibiti, na kuma rubuta shi a bayan katin Babanku don kada in manta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa abin da ya fi ga babban mutum shi ne kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar giram 25 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi 6. Ƙaramin yaro nasa bai ma kai haka ba. Kwalbar lemo ɗaya ta gilashi tana ɗauke da kusan cokali 9, ta roba mai rabin lita kuwa wajen 13. Ki tsaya ki ƙiyasta: da wani ya ɗebi cokali 13 na sukari ya ce ɗanki ya haɗiye, ai da kin yi faɗa da shi. Amma idan an narkar da shi an sa a firji, mu da kanmu muke miƙawa. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, wai don a rage sha. Ni dai ban ga wanda naira 10 ta hana ba.

Kada ki ce za ki yanke a rana ɗaya. Na gwada haka da Babanku, ya ture kofin ya ce ruwan wanki na ba shi. Da dabara na bi. Satin farko na rage rabin cokali ban faɗa ba, bayan sati biyu na ƙara rage rabi. Harshe yana sabawa, yadda ya saba da yawa haka yake sabawa da kaɗan. Kwanan baya an kawo mana kunun zaƙi daga gidan suna, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, wai ya yi masa zaƙi da yawa. Na juya baya na yi hamdala.

Inda kika rage zaƙi ki cike da ƙamshi. Citta da kanumfari da ɗan masoro a koko, na'a-na'a a shayi, ɓawon abarba a tafasa tare da zoɓo. Fura idan ta ji kayan yaji kuma nonon mai kyau ne, ba ta neman komai. Haka kakanninki suka sha ta suka yi noma har faɗuwar rana. Mangwaro da gwaiba da kankana ki ba su su tauna, ya fi a matse a tace. Idan sun dawo da ƙishirwa, randa ce farko.

Akwai kuskuren da na yi da ba na so ki maimaita. Na ɗauka zuma da mazarƙwaila ba su cikin lissafi, har na riƙa lafta wa Babanku zuma a kunu ina ganin magani nake ba shi. Ashe a wajen jiki duk sukari ne. Jaririyar da ke bayanki kuma kada a lasa mata zuma sam sai ta cika shekara, ko wa ya ce miki.

Na san ba ke kaɗai ke da yaran ba. Surukarki tana son su, kuma alawa ce hanyar da ta sani ta nunawa, kamar yadda nake a da. Kada ki yi mata gatsau. Ki ba ta labarin ƙafar Babanku a hankali, ki roƙe ta ta riƙa ajiye musu gyaɗa ko aya. Ranar Sallah kuwa a ci alkaki da nakiya, ban hana ba. Abin da ake yi sau biyu a shekara daban, na kowace safiya shi nake ji.

Wuri biyu ne kada ki ji tsoron sukari. Idan yaro yana zawo kuma babu sacet ɗin asibiti a kusa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan ceton rai ne. Sannan idan Babanku ya zo wajenku kika ga yana karkarwa yana gumi bayan ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa ne ya sauka, ki ba shi abu mai zaƙi nan take. Akwai ƙwayoyin sukari a aljihun rigarsa saboda haka.

A cikin ƙunshin da direba zai ba ki akwai citta da kanumfari da goruba ta yara. Na sa ƙaramin cokalin nan nawa mai lanƙwasasshen mariƙi, da shi nake auna wa Babanku, ki bar shi a cikin gwangwanin sukari ki cire babban. Idan kin kai jaririya rigakafi ki ce a auna jininki ke ma, ki aiko mini da abin da aka gani. Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan yaran. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki