Masu Karanta Daji a Yankari

Daga Bauchi hanyar Gombe muka kama. A Dindima muka karkata kudu har Mainamaji, inda ƙofar gandun dajin Yankari take. Daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai, daji hagu da dama, itatuwa duk sun yi furu-furu da ƙurar hunturu.

Yawancin baƙi ruwan Wikki ke kawo su, wanda ɗuminsa ke tsaye kan digiri 31 rani da damina. Mu ma mun shiga, bayan gwaggon biri ya wafce mana ledar burodi.

Da sassafe aka haɗa mu da jagora, wani dattijo mai kaki, muka hau buɗaɗɗiyar mota. Ba mu yi nisa ba ya ɗaga wa direba hannu. Kashin giwa ne a tsakiyar hanya. Ya sauka, ya sa kara ya fasa shi, ya nuna mana yadda bayan ya bushe amma cikin da sauran danshi: da daddare suka wuce ke nan. Ya gwada faɗin sawun da ƙafarsa, ya nuna wani ƙarami a gefe, ya ce akwai uwa da ɗa, don haka in mun riske su kowa ya kama bakinsa. Sai ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ta dosa, saboda giwa hancinta ya fi idonta aiki. Can gaba kukan carki ya sa ya juya, kafin mu ankara ga garken ɓauna. Ya bayyana mana cewa da rani dabbobi kan taru a kogin Gaji, shi ya sa lokacin ya fi daɗin kallo.

Na ce, "Baba, ina aka koyi wannan?" Ya yi dariya. Wasu jagororin, in ji shi, sun yi kwalejin kula da namun daji ta tarayya da ke New Bussa, wasu sun karanci gandun daji a jami'a, wasu kuwa 'ya'yan mafarauta ne daga ƙauyukan kewaye, sawu a gida suka gaje shi. A ganina gwani shi ne wanda ya haɗa biyun, kuma ya iya baki. Sanin sunan tsuntsu a dajin da ke da nau'i sama da 350 wani abu ne, sa baƙo ya damu da tsuntsun kuma wani abu ne daban. Amma mu "ɗan rakiya" muke ce masa, kamar mai ɗaukar jaka.

Tarihin ma a kansa yake: an keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, ya dawo wa Jihar Bauchi a 2006. Ya ba mu labarin rijiyoyin Dukkey da kogunan dutse na Marshall, shaidar cewa mutane sun zauna nan tun kafin a shata iyaka.

Aikin da ya fi wuya ba a mota ake yinsa ba. Masu gadi kan yi kwanaki suna sintiri a ƙafa, akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun masu farautar sata. Masu wayar da kai kuwa ƙauyuka suke shiga, su zauna da manomin da giwa ta cinye wa dawa a dare ɗaya. Wannan ba a gamsar da shi da lacca.

Da za mu tafi muka leƙa gidan tarihin sansanin, inda aka jera fatu da ƙasusuwa da makaman da aka ƙwace. Mun tarar da 'yan makaranta sun yanyame wani matashin jami'i, wata yarinya ta kafe sai ya faɗa mata yadda ake bambance gwanki da kanki, da kuma takardar da ake nema kafin a ɗauki mutum wannan aikin.